Me Ke Tsare Gida, Laya Ko Maƙwabci?

Tun daga watan Nuwamban 2024 da sojojin Sudan suka sake karɓe garin Sinja, sannan Wad Madani a watan Janairun 2025, mutanen ƙauyukan Jazira da na bakin kogin Nilul Azraƙ suka fara komawa gidajen da yaƙi ya kore su daga ciki. Abin da akasari ke tararwa ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙofa a ɓalle, kwanon rufi an kwashe, rumbu wayam, injin ban-ruwa ya yi ƙafa. Sai dai akwai abu guda da ɓarawo ba ya ko waiwaya, wato 'yar layar nan da ke rataye a saman ƙofar ɗaki, wadda hayaƙi da ƙurar shekaru suka mayar baƙa ƙirin.

A kanta gardama ke tashi a gidaje da dama, daga Abu Na'ama har Mai Wurno. Saurayi ya ɗaga kai ya ce, "Baba, wai me wannan abin ya tsare? An yashe gidan tas, shi yana rataye yana kallo. Bari in tsinke shi in jefa a kogi." Dattijo kuma ya ce, "Kul! Kakanka ne ya rataye shi ranar da aka ɗora jinkar nan. Ba don shi ba, wa ya sani ko toka za mu tarar?" Gardamar ta yi kama da ƙarama, amma a ƙarƙashinta akwai tambayar da ta shafi imani da kuɗi da zaman tare: me ke tsare gida? Amsar da muka bayar ita za ta nuna inda ɗan abin da ya rage a hannunmu zai tafi, da kuma irin idon da za mu kalli maƙwabta da shi bayan wannan musiba.

Ga ɗan'uwa mai karatu da ke Kano ko Maraɗi, bari in ɗan yi shimfiɗa. Hausawa sun daɗe suna ratsa Sudan a ƙafa da jakuna zuwa aikin hajji, wasu su kai, wasu guzuri ya ƙare su yada zango. Tururuwar ta ƙaru bayan Turawa sun ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yulin 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar a wajen 1906. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai ƙwadago ya jawo ƙarin mutanenmu, ƙauyuka suka jeru a bakin kogi har zuwa Damazin. Abu Na'ama, da ke kudu da Sinja, an san shi da tashar binciken noma, da tsangayar aikin gona ta Jami'ar Sinnar, da kuma aikin rama da aka kafa domin saƙa buhuna. A kewayensa Hausawa na noman lambu a bakin ruwa, suna su, suna noman dawa da riɗi da damina.

Waɗannan kakanni ba su iya ɗauko gidajensu a ka ba, amma sun ɗauko yadda ake kafe gida. Akwai layar da ake ɗinkewa a jar fata a rataye a saman ƙofa ko a soke a cikin jinka. Akwai kwalba ko ƙaramar tukunya da ake binnewa a kusurwa ko a ƙarƙashin dokin ƙofa kafin a ɗora tubali, abin da ake kira kafin gida. Akwai ƙaho da ake cika wa garin magani, da ƙwan jimina a ƙololuwar ɗaki, da ruwan rubutu da ake yayyafawa a kusurwoyi huɗu. Sannan ga dokokin da kowane yaro ya tashi da su: ba a shara da dare, ba a zama a dokin ƙofa da magariba, ba a watsa ruwan zafi a tsakar gida ba tare da bisimilla ba, ba a shiga sabon ɗaki sai an yi sadaka.

Da suka iso, sai suka tarar masu masauki ma suna da nasu. Abin da muke kira laya su hijab suke ce masa, rubutun sha kuma mihaya, ga bakhra, takardar da malami ke rubutawa a ƙona a turara hayaƙinta. Ga turaren da ake kira bakhurut taiman, wanda ake haɗawa da alif da bagaruwa da idon zakara da ƙaro, a turara don kambun baka. Ga karama, yankan da ake yi a raba nama idan an tare a sabon gida ko an tsira daga wani hatsari. Zama ya sa aka cuɗa na gida da na masauki. Wani abin lura ma shi ne, a Sudan an daɗe ana yi wa malaman Hausa da Fulani kallon masu ƙarfin asiri, har mutanen gari kan tsallake malamansu su zo ƙauyukanmu neman hijab. Ke nan wannan harka ta zame wa wasu gidaje sana'a da mutunci, shi ya sa taɓa ta ke da zafi.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai ne. A Ingila akan kafa takalmin doki a ƙofa don sa'a, kuma masu gyaran tsofaffin gidaje sun sha tarar da tsohon takalmi ɓoye a cikin bango ko bututun hayaƙi, har gidan tarihi na garin Northampton ya buɗe rajista ta musamman don lissafa su. A Turkiyya shuɗin dutsen ado mai siffar ido ake ratayawa, a Maroko da Tunisiya kuma hoton tafin hannu. Duk inda ɗan Adam ya tara abin da yake so a cikin bango huɗu, tsoro na shiga tare da shi, domin ya san dole ya yi barci, dole wata rana ya yi tafiya, idonsa ba zai tsare komai dare da rana ba. Laya amsa ce ga wannan tsoro, kuma tsoron gaskiya ne. Wanda ya yi wa mai laya dariya ba tare da ya gane haka ba, bai fahimci ɗan Adam ba.

Sai dai namu yana da wani ƙulli da na sauran ba shi da shi. Masani C. Bawa Yamba, wanda ya zauna da Hausawan Jazira, ya fitar da littafi a 1995 da sunansa ke nufin alhazan dindindin. Ya nuna yadda mutanen da aka haifi iyayensu da kakanninsu a Sudan ke ci gaba da kiran kansu matafiya a kan hanyar Makka, har wasu na ƙin yin gini mai ƙwari don kada ya zama alamar an fasa niyya. To, dubi wannan: mutumin da ke cewa zango ya yada, gobe zai wuce, shi ne kuma ya binne kwalba don gidan ya kafu. A ganina babu saɓani a nan sai ga mai kallo daga nesa. Baƙo ya fi kowa buƙatar abin da zai kwantar masa da hankali. Ba shi da takardar fili, ba shi da dangi a fada, harshensa daban. Abin da ya binne a kusurwa shi ne hanyarsa ta gaya wa kansa cewa ƙasar nan ta karɓe shi. Saboda haka idan jikansa ya miƙa hannu zai tsinke laya, ya san cewa tarihin baƙuncin gidansu yake taɓawa.

Duk da haka, tausayi ba ya hana a yi lissafi. Shin abin yana aiki? Mu duba inda aka gwada shi da gaske. Birnin Kano na da ganuwa mai ƙofofi, kuma babu birnin Hausa da ya rasa labarin kafin gari, amma a ranar 3 ga Fabrairun 1903 igwar Turawa ta fasa, gari ya faɗi a yini guda. A arewacin Sudan, gidajen Nubiyawa sun shahara da farantan da ake mannawa a saman ƙofa da zane-zanen kariya daga mugun ido. Da aka gina babbar madatsar Aswan, ruwa ya haɗiye Wadi Halfa da ƙauyukanta, aka kwashe mutane wajen dubu 50 zuwa Khashmul Girba daga 1964, farantan suka nutse tare da bangayen. A 2020 ambaliya ta zarce ta 1946 da ta 1988, gidaje sama da dubu 100 suka rushe ko suka lalace a faɗin ƙasar, jihar Sinnar na cikin inda abin ya fi muni. Ruwan bai tsaya tambayar wane gida ke da ƙaho ba; ya bi kwari ya bar tudu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ma haka ya yi. Gidan mai laya da gidan wanda ke wa'azi a kan laya, mota ɗaya ta kwashe kayansu.

Mai kare al'adar yana da amsa a shirye. In gida ya tsira, laya ce ta yi aiki. In an sace kaya amma ba a ƙona ba, ita ce ta rage. In an ƙona, to wani ne ya karya ta, ko an shiga da janaba, ko wa'adinta ya cika ba a sabunta ba. Mai karatu zai lura cewa babu abin da zai faru a duniya da zai sa wannan mutum ya ce layar ta gaza. Maganar da ko me ya faru tana da gaskiya kuwa, ba ta gaya maka komai game da gobe. Ba wanda zai sayi kwado a kasuwar Sinja in mai sayarwa ya ce masa, "In ɓarawo bai zo ba, kwadona ne, in ya zo ya buɗe, laifinka ne." Abin da ba mu yarda da shi a kan kwado ba, me ya sa muke yarda da shi a kan abin da ya fi kwado tsada?

Addini ma ya yi magana, kuma ya kamata a kawo ta da adalci, don kowane ɓangare kan ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa duk wanda ya ƙudurce wani abu da kansa yana jawo amfani ko tunkuɗe cuta, ya taɓa tauhidinsa. Ba su yi saɓani ba a kan haramcin yanka don aljanun wuri, ko rataya sunayen da ba a san ma'anarsu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda zuriyarsa da mabiyansa suka kafa Mai Wurno, ya yi kakkausan suka a littafinsa Nurul Albabi ga masu girmama itatuwa da duwatsu suna yi musu yanka. Inda aka yi saɓani shi ne layar da babu komai a cikinta sai Alƙur'ani da sunayen Allah. An ruwaito hani daga Abdullahi ɗan Mas'udu da almajiransa, an ruwaito sassauci daga wasu magabata, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, ba ta ga laifin irin wannan ba. Don haka saurayin da ya dawo da karatu ya kira kakansa mushriki kai tsaye ya yi gaggawa, dattijon da ya ce duk abin da aka naɗe a fata halal ne shi ma ya yi sakaci. Tambayar ita ce, me ke ciki, kuma me ke cikin zuciyar mai ratayawa?

Tarihin Kano ya ajiye mana wani labari da ya dace da nan. Akwai wani abu da ake kira Dirki, ƙunshi ne da aka naɗe da fatu, sarakunan Haɓe suna yi masa yankan shanu don tsaron gari. A zamanin Muhammadu Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, aka nemi ya ba da shanu arba'in, ya ƙi, ya sa samari suka sassare ƙunshin da gatura. Abin da aka tarar a ciki Alƙur'ani ne. Mutane suka ce yadda ya fitar da shi haka za a fitar da shi daga gari, kuma da jihadi ya zo a farkon ƙarni na 19 ya rasa sarautar, sai aka ce ai ga shi nan. Amma ni abin da ke tsaya mini a rai daban ne. Littafin da aka saukar don a karanta a yi aiki da shi, an yi ta lulluɓe shi fata bisa fata har aka manta abin da ke ciki, aka koma ba shi jini. Hadisi ya nuna cewa shaiɗan na gudun gidan da ake karanta Suratul Baƙara a cikinsa. Karantawa aka ce. Gidaje nawa ne ayar ke rataye a saman ƙofa shekara hamsin, alhali ba a taɓa jin sautinta a tsakar gidan ba?

To, ashe saurayi ne da gaskiya, a tsinke a huta? A nan ma sai an yi hattara, domin al'adar ba ita kaɗai take tafe ba. Ku tuna yadda ake kafa gida a da. Ranar da za a ɗora jinka ana kiran gayya, abin da a nan ake ce wa nafir, saboda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar tarewa ana dafa abinci a kira malamai da almajirai da maƙwabta, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba. Kafin damina ana sabunta turare da addu'a, kuma a daidai wannan lokaci ne ake yaɓe bango da zibala, wato cakuɗin kashin dabbobi da laka, a gyara indararo, a duba inda gara ta shiga. Mai gida yana zaton layar ce ta riƙe masa gini shekara sittin. Abin da ya riƙe shi kuwa shi ne hannun da ke shafa bangon duk shekara, da mutum ashirin da suka ci tuwon tarewa, waɗanda kunya ba za ta bar su su ga hayaƙi na tashi a gidan su wuce ba. Layar tana tsakiya ne kamar tuta, aikin kuma jama'a ke yi. Hatsarin da ke gabanmu shi ne mu yar da tutar tare da aikin, ko kuma, abin da ya fi muni, mu riƙe tutar mu saki aikin.

Annabi (SAW) ya haɗa biyun a wuri guda. Ya yi umurni da a rufe ƙofa da dare tare da ambaton sunan Allah, a rufe ƙwarya da tulu, a kashe fitila kafin barci don kada ɓera ya ja lagwani ya ƙona gida. Ya kuma ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Bisimillar ba ta ɗauke wa mutum rufe ƙofar ba, rufe ƙofar kuma bai wadatar da shi daga bisimillar ba.

Yaƙin nan ya yi mana gwajin da ba mu roƙa ba. A shirin da nake gabatarwa a rediyo, masu sauraro kan bugo waya su ba da labarin yadda suka tarar da gidajensu, kuma duk wanda ya samu wani abu ya tsira, in ka bi zancen za ka tarar da mutum a ƙarshensa. Wani tsoho ne ya ƙi gudu, yana zagaya gidajen layinsu safe da yamma don a ga alamar akwai rai. Wata maƙwabciya ce ta kwashe takardun makaranta da na fili ta ƙulle a zaninta. Wani abokin noma ne, wanda ba ma yarenmu ɗaya ba, ya kora awaki ya haɗa da nasa har masu su suka dawo. Waɗanda suka gudu Gadarif ko Damazin kuwa, dangi ne suka buɗe musu ƙofa, aka ga ma'anar gida biyu maganin gobara. A birane kuma takaya, wato tukwanen unguwa da matasa ke ɗorawa da gudummawar jama'a, su suka riƙe rayukan da ba su da inda za su. Larabawa na cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Mun ji wannan magana tun muna yara, amma sai yanzu muka ga farashinta.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wanda ya wuce asarar kuɗi. Asiri ba ya rayuwa sai da abokin gaba. Idan ka je wurin mai duba ka ce bangonka ya tsage, ba zai ce maka ƙasa ce ba. Alhali duk wanda ya zauna a Jazira ya san baƙar lakarta: da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta dare har ƙafar jaki na faɗawa, kuma wannan motsi ne ke tsaga bangon da harsashinsa bai yi zurfi ba. Gidan da ya yi damina biyu ba a yaɓe shi ba, ba kowa ciki, dole ya zube. Amma mai duba zai ce maka an yi binne, kuma mai binnen yana kusa, yana shiga gidanka, kuna gaisawa. Daga ranar ka fara lissafa fuskoki: kishiyar uwa, matar wa, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi. Galibi zargin kan faɗa kan marar gata ne, musamman tsofaffin mata.

A lokacin lafiya ma wannan guba ce, balle yanzu da kowa ya dawo da rauni a zuci, ana ta raɗe-raɗin wa ya nuna gidan wa, wa aka gani da katifar wa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon zumuncinmu ya tsage. Duk wanda ya zo yana sayar da zargi a irin wannan lokaci, yana karɓar kuɗin da ya kamata a sayi irin shuka ko ƙyauren ƙofa da su, to yana rushe abu ɗaya tilo da aka ga ya yi aiki a lokacin tsanani. Mutum ya biya kuɗi don a tsare masa gida daga maƙwabci, alhali maƙwabcin ne mai gadin.

Haka zancen yake game da sa'a. Hausawa na cewa sa'a ta fi manyan kaya, kuma ba wanda ke ƙin ta. Amma harshenmu ya bambanta sa'a da albarka, kuma bambancin abin lura ne. Sa'a a ɓoye ake nemanta, da dare, kada wani ya gani ya karya. Mai nemanta yana ɗaukar arziki kamar tuwo ɗaya ne a akushi, in ya ƙaru a gabanka ya ragu a gabana. Albarka kuwa a fili ake nemanta: a bakin iyaye, a ciyar da baƙo, a biyan lebura haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, a gina ɗaki da kuɗin da ba na marayu ba. Idan aka ce gida na da albarka, ana nufin kaɗan na isar mutane da yawa, yaran da suka tashi a ciki suna da kunya, wanda ya shiga da yunwa ba ya fita da ita. Gidan da aka gina a kan filin da aka ƙwace wa gwauruwa, ko an binne masa kwalba ɗari, kowa a garin ya san abin da ke ƙarƙashinsa.

Saboda haka nake ganin kowace al'ada da muka gada, a auna ta da tambayoyi uku kafin a riƙe ko a saki. Ga wa take sa ni dogara? Wa take sa ni zargi? Wa ke cin amfaninta? Sadakar tarewa tana sa ka dogara ga Allah, ba ta sa ka zargi kowa, mayunwaci ke ci; wannan a riƙe ta da hannu biyu. Gayyar gini da yaɓen shekara haka suke. Bisimilla kafin watsa ruwan zafi tana sa ka tsaya ka duba ko akwai yaro ko kaza a wurin, babu asara a ciki. Turaren wuta, in don ƙamshi da korar sauro ne, wa zai hana? Amma ƙahon da aka ce sai an sabunta shi duk shekara da baƙin bunsuru, wanda ke sa ka daina cin abincin gidan ɗan'uwanka, ya faɗi a tambayoyin uku duka.

Ita kuma tsohuwar layar kaka, shawarata ga matasa ita ce kada a mayar da ita fagen nuna ilimi. Ba a gyara aƙidar dattijo da tsawa, musamman dattijon da ya dawo ya tarar da wahalar shekara arba'in ta tafi. A zauna da shi a tambaye shi wa ya rubuta ta, a wace shekara, daga wane gari kakan ya taso, ta wace hanya ya biyo. Sau da yawa wannan hira ita ce kaɗai tarihin gidan da za a samu, kuma ta cancanci a ɗauke ta a waya a adana. Bayan haka, in ya yarda, a kai wa malamin da aka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa a buɗe a gani. In ayoyi ne, a girmama takardar yadda ake girmama duk abin da ke ɗauke da sunan Allah, a kuma koya wa yaran gidan ayoyin su riƙa karantawa safe da yamma. In wani abu ne daban, shi dattijon da kansa zai fi kowa son a rabu da shi. Ga iyayenmu kuma, tambayar yaro ba raini ba ce. Wanda ya kwana a daji da ƙannensa a bayansa yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka ce masa yana tsare shi.

Aikin da ke gabanmu kafin ruwan sama ya sauka a bayyane yake. Akwai bangayen da ke jiran yaɓe, da ɗakunan gwauraye da marayu da babu mai ɗora musu jinka, da gidajen da masu su ba su dawo ba tukuna, waɗanda amana ce a wuyan duk wanda ya riga su isowa. Wanda ya tsinci kayan wani a lokacin rikici ya mayar a asirce, wanda aka mayar wa ya karɓa ya rufe bakinsa. Kuɗin da za a kai wa mai duba, a sayi buhun dawa a kira gayya, a fara da gidan wanda ya fi kowa rauni a unguwa. Kakanninmu sun iso wannan kogi ba su da komai sai junansu da dogaro ga Allah, da haka suka kafa garuruwan da muke kuka a kansu yau.

Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da Sudan da ƙasashenmu baki ɗaya lafiya, amin.